Yatsu Uku na Uwar Sauro

Duk wanda ya tambaye ta aikin me take yi, sai ta gyara zama tukuna, don ta san dariyar da za ta biyo baya. Kiwon sauro take yi, sauron nan dai da kake zabga wa kanka mari saboda shi. Shekara ashirin da uku tana wannan aiki a wani ɗan ɗaki can ƙuryar cibiyar bincike, har aka laƙaba mata Uwar Sauro, sunan ya bi ta ya manne. A unguwa haka ake kiranta, a wurin aiki haka, jikokinta ma idan suna so su tsokane ta sai su zagaye ta suna zuuu a kunne su ruga.

Da shara ta fara. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma Allah ya ba ta ido da haƙuri, kuma ita kaɗai ce cikin masu shara ba ta gudun ɗakin nan. Ɗaki ne mai ƙofa biyu da labulen raga a tsakani, ga zafi ga laima, kana shiga rigarka ta manne maka a baya. A kan kantoci akwai fararen tire ashirin da huɗu cike da ruwa, tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Gefe guda kuma kejin raga ne na manya masu fiffike. Da tsohon da ke kula da ɗakin ya gaji ya tafi, sai aka ce to ga wadda ba ta tsoro, aka karɓe mata tsintsiya aka miƙa mata ɗaki.

Kada ka ce ai sauro ne, ga shi nan birjik a kowace kwata. Na ɗakin nan daban suke. Zuri'a ɗaya ce tun daga 'yan ƙwayayen da aka kawo a kwalba tun kafin a ɗauke ta aiki, ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba, ba su taɓa sauka a kan gidan sauro mai magani ba. Da su ake auna ƙarfin kowane sabon magani, domin na waje sun riga sun ƙeƙashe, ka fesa musu su yi maka kallon banza. In zuri'ar nan ta ƙare, ta ƙare ke nan, babu kasuwar da za a je a sayo irinta.

To, Uwar Sauro tana da wani asiri da ta riƙe shekara goma sha takwas, mijinta kaɗai ya sani.

Ga yadda abin ya faro. Da can da ruwan famfo ake cika tiren. Sai cibiyar ta sayo injin tace ruwa mai ƙugi, aka manna takarda a bango da jan rubutu: ruwan inji kaɗai za a zuba, kada a ƙara komai sai garin abincinsu. Ba a yi mako biyu ba tsutsotsi suka fara mutuwa, kullum da safe ta tarar da wasu kwance a ƙasan tire sun miƙe. Manya suka yi ta taro a ofis. Ita kuwa ta rufe ƙofa, ta tsoma yatsa a ruwan ta kai baki. Salam! Babu ɗanɗano ko na ƙwabo.

A makon nan ne kuwa likita ya ce mijinta Tela yana da hawan jini, a janye masa gishiri. Ta ga yadda mutumin kirki ya koma yana kallon miya kamar an yi masa mutuwa. Sai ta ce a ranta, wallahi babu mai rai da zai zauna cikin wannan ruwa ya ji daɗin duniya. Washegari ta zo da gishirin da ta ƙwace a gida cikin tsohon gwangwanin man shafawa. Ta haɗa yatsu uku yadda take yi a kan tukunya, ta barbaɗa wa kowane tire. Kafin mako ya zagayo mutuwa ta tsaya cak. Manya suka ce lallai tsutsotsin sun saba da sabon ruwa, ita kuma ta ce haka ne, ranku ya daɗe.

Ba ta faɗa ba don a lokacin kallon mai shara ake yi mata har yanzu, ga jan rubutu a bango. Daga baya kuma abin ya yi mata nauyin baki, kullum ta ce gobe.

Tela bai taɓa yafe maganar gishirin nan ba. Duk ranar da ya ga tana cika gwangwani sai ya dakatar da keken ɗinkinsa ya ce, "Ni da na aure ki an hana ni, sauro da ke cizon 'ya'yanki an ba shi. Ba komai, na san matsayina a gidan nan."

Ita kuma ta ce, "Malam, ranar da ka fara yin ƙwai ɗari a zama ɗaya, zan ƙara maka."

Haka aka yi ta tafiya. 'Ya'yanta huɗu suka girma suka watse gidajensu. Wani siririn ɗalibi da ya taɓa fita daga ɗakin da gudu yana sosa wuya ya je ya yi karatu ya dawo, ya yi sanƙo ya sa tabarau, ya zama Dakta shugaban sashen. Har yau Mama yake ce mata, kuma ba ya wuce ta sai ya rusuna. Ya rubuta takardu da dama a kan sauron nan, har ya taɓa fassara mata ɗaya, inda aka ce an raini tsutsotsin cikin tataccen ruwa zalla. Ta ce masha Allah.

Sai ga ritaya ta zo. Saura mata wata ɗaya aka kawo wadda za ta gaje ta, wata mata mai 'ya'ya biyu da takardar difloma, wadda kafin ta kwana uku masu gadi sun sa mata 'Yar Ƙa'ida. Mutuniyar kirki ce, ba ta da raini, sai dai in takarda ta ce a wanke hannu sau biyu, to ko gobara ake yi sai ta wanke sau biyu. Dakta ya ce a watan nan Mama ta zauna a kujera ta huta, ta riƙa kallo kawai, sabuwa ta yi komai da hannunta don ta goge. 'Yar Ƙa'ida kuma ta tono wata tsohuwar doka da kowa ya manta, cewa jaka ba ta shiga ɗakin. Jakar Uwar Sauro, da gwangwanin da ke cikinta, suka koma loka a bakin ƙofa.

Kwana huɗu da sauya ruwa, tsutsotsi suka fara sanyi. A kwana na shida 'Yar Ƙa'ida ta kwashe matattu cike da murfin kwalba. Uwar Sauro tana kan kujera, hannu a cinya, kamar an ɗora ta a kan garwashi.

Ta gwada dabara, kada ka ce ba ta gwada ba. Ran nan ta jiƙa yatsunta ta dangwala a gishiri tun daga waje, ta shigo da hannu a dunƙule tana gaisuwa da fara'a. 'Yar Ƙa'ida ta tare ta da sabulu. "Mama, a daure a wanke hannu." Ta tsaya a kanta har ta wanke sau biyu, sannan ta miƙa mata safar hannu. Wata rana kuma ta ƙulle kaɗan a gefen ɗankwali, sai aka ba ta hular leda aka ce ta rufe kai duka. Ta koma kujera tana hararar bango, tana cewa a ranta, wannan baiwar Allah ko aljani ba zai shigo da allura a gabanta ba.

A kwana na goma tire goma sha uku sun tashi aiki. 'Yar Ƙa'ida ta rame, ta bi takarda layi-layi har sau uku ba ta ga inda ta kauce ba. Uwar Sauro ta same ta a bayan ƙofa tana share ido da gefen hannun riga.

"Mama, ko dai hannuna ne ba shi da albarka?"

Maganar nan ta soki Uwar Sauro har cikin rai. Ta ce, "Haba 'yar nan, daina faɗin haka." Iyakar abin da ta iya cewa ke nan, ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Da hantsi Dakta ya shigo fuska ba walwala. Ya tsamo tsutsa ɗaya ya ɗora a gilashi, ya sa a na'urar ƙara girma, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ce, "Mama, zo ki ga wani abu."

Ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Shekara ashirin da uku tana tare da halittun nan, ba ta taɓa ganin ɗaya da girman ɗan kifi ba. A can ƙarshen jelarta akwai wasu 'yan leɓatu guda huɗu, sun kumbura sun yi tsawo kamar yatsun jariri.

Dakta ya ce, "Kin ga jikin tsutsar nan ya fi ruwan da take ciki gishiri. Saboda haka dare da rana ruwa na kutsawa cikin jikinta, gishirinta kuma na zurarewa waje. In ta zauna haka sai ta kumbura ta mutu. To akwai wasu siraran bututai biyar a cikinta da ke yi mata aikin ƙoda, suna ta fitar da ruwan a matsayin fitsari. Kafin fitsarin ya fita, ƙarshen hanjinta ya tsame gishirin da ke ciki ya mayar jini. Wanda ya ɓace duk da haka, waɗannan huɗun da kike gani su ke nemo shi. Fatarsu cike take da 'yan mitsi-mitsin famfuna, suna tsintar gishirin da ya narke a ruwa ƙwaya-ƙwaya suna turawa ciki."

Uwar Sauro ta ɗago. "Tsaya, Dakta. Wato da gindi suke cin gishiri?"

Duk da halin da ake ciki sai da 'Yar Ƙa'ida ta yi dariya. Dakta ya ce, "Kusan haka ne, Mama. Kuma in gishiri ya yi ƙaranci a ruwa, sai abubuwan nan su ƙara girma don su samu na tsinta. Waɗannan yunwar gishiri ce ke cinsu, ɗan wanda ke cikin garin abincinsu bai ishe su ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ruwan nan dai shi ne shekara goma sha takwas. Inji ɗaya, abinci ɗaya. Me ya canza yanzu?"

Ta sha jinin jikinta. Ta ce bari ta je ta sha iska, zafin ɗakin ya yi mata yawa.

Da la'asar ta biya shagon Tela ta zauna a kan bencin masu jira. Yana ɗinkin aljihu, bai ɗago ba ya ce, "Nawa suka rage?"

"Tire goma sha ɗaya."

"To je ki faɗa masa mana."

"In ce masa me? Yaron da ke rusuna mini in ce masa shekara goma sha takwas ina yi masa ƙarya? Takardunsa fa? Duniya ta karanta an ce ruwa zalla. Da wane ido zan kalle shi? Bari dai, gobe zan san yadda zan shigar da shi ko a baki ne."

Tela ya tsayar da keke, ya cire zaren da ke bakinsa. "Na ji, kin shigar gobe. Kin shigar jibi. Ranar da suka ba ki agogon bango suka tafa miki kika dawo gida fa, wa zai shigar? Ko ta taga za ki riƙa haurawa da tsufanki?"

Wani mai wando ya zo ya karɓa ya tafi, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Can ta ce, "Kai dai ba ka taɓa son sauron nan ba."

"Ba na son su, ba zan fara yau ba. Amma ke nake kallo, kwana goma ba ki ci abincin kirki ba."

Washegari da safe ta buɗe loka, ta ɗauki gwangwanin a fili ba ɓoyo. 'Yar Ƙa'ida ta buɗe baki za ta yi maganar doka, ta ga fuskarta, ta rufe. Uwar Sauro ta aika a kira Dakta. Da ya zo ta ajiye gwangwanin a kan tebur ta buɗe, ta faɗi komai tiryan-tiryan, tun daga ranar da ta ɗanɗana ruwa har zuwa maganar ɗankwali. Ba ta tsallake komai ba.

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Gishirin miya, Mama?"

"Shi."

"Kin san takarda nawa zan bi in gyara? Kin san sai na rubuta wa mutane a ƙasashe in ce musu abin da na faɗa ba haka yake ba?" Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mata ciwo. "Da kin faɗa mini, ai ni ne. Ni da kika taɓa shafa wa man zafi a wuya."

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Na yi laifi, Dakta, ba ni da bakin kare kaina. In kora ce a kore ni yau, ban damu da taron sallama ba. Amma don Allah a zuba musu kafin azahar, na tire na bakwai ba za su kai gobe ba."

'Yar Ƙa'ida ce ta fara motsi. Ta fita ta dawo da ƙaramin sikelin nan mai gilashi da ake auna garin magani. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda za a zuba, a san ko nawa ne. Mama, ɗebo yadda kika saba."

Uwar Sauro ta share ido, ta haɗa yatsu uku ta ɗebo ta zuba. Aka rubuta. Ta sake, aka rubuta. Sau goma tana ɗebowa, lambar na dawowa kusan wuri ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Dakta ya matso yana kallon sikeli yana kallon yatsunta. Ya ce bari shi ma ya gwada. Ya ɗebo, sikeli ya nuna ninki biyu da rabi.

Ta manta da kuka ta ce, "Kai, Dakta! Kashe mini su za ka yi? In ya yi yawa ai yamutsewa suke yi, na taɓa gani."

Ya ce, "Gaskiyarki, in ruwan ya fi jikinsu gishiri, ruwan jikinsu ne zai tsiyaye waje." Sai dariya ta ƙwace masa, ya zauna a kan kujerarta yana yi yana girgiza kai. "Ikon Allah. Injin da aka ɗauko da babbar mota, ashe yatsu uku ke riƙe da shi."

Kafin azahar aka zuba wa tire tara da suka rage, da awo, da ƙaramin cokali. Aka cire tsohuwar takardar bango aka manna sabuwa. Dakta ya shiga ofis ya fara rubuta wasiƙun gyara, kwana uku ba ya fitowa cin abinci. Bai kore ta ba, amma sai da aka yi mako kafin ya koma yi mata wasa kamar da, kuma ta san ita ta jawo wa kanta.

Na tire na bakwai ba su kai ba. Sauran takwas suka farfaɗo, suka dunƙule, suka fasa suka fito da fiffike. Sai dai ba a gama sakin jiki ba, don sauron da ya sha wahala yana tsutsa yakan fito ba ƙarfi, ya ƙi shan jini, in kuwa matan ba su sha ba babu ƙwai, zuri'a ta yanke a nan.

Ranar ba su jini na farko ta faɗo daidai ranarta ta ƙarshe. Ana can babban ɗaki ana jera kujeru da lemo don sallamarta, ita tana nan tsugune gaban keji da sabon leshi, gumi na bin bayanta. 'Yar Ƙa'ida ta shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin, ta ɗora kwanon jini mai ɗumi a saman raga, an rufe bakinsa da siririyar fata. Ita ta yi komai, Uwar Sauro ba ta sa hannu ba.

Takardar ita ce shaida. Jini ruwa ne da gishiri fal, macen sauro kuwa takan sha abin da ya fi nauyinta, har ta kasa tashi. Don haka tun tana kan sha, bututan nan nata suke fara zubar da ruwan da gishirin da ba ta buƙata, ɗigo bayan ɗigo. In ka ga ɗigo a takarda, to sun sha sun ƙoshi kuma cikinsu na aiki daidai.

Minti biyar babu wadda ta motsa daga jikin raga. Masinja ya leƙo ya ce manya na jira, Uwar Sauro ta ce su jira. Can sai ɗaya ta tashi ta sauka a kan fatar, ta kafa baki. Wata ta biyo ta, sai ga su rututu. Cikinsu ya fara yin ja. Matan nan biyu suka ƙura wa takarda ido, ba mai ko numfashin kirki. Ɗigo na farko ya faɗo, ɗan mitsitsi kamar kan allura. Kafin su ce wani abu takarda ta yi dabbare-dabbare.

'Yar Ƙa'ida ta rungume ta tana cewa, "Mama, sun yi! Wallahi sun yi!"

A wurin taro an yi jawabai, an ba ta kyauta a nannaɗe, an ɗauki hoto. Da ta iso gida ta ajiye kyautar a kan gado ba ta ko buɗe ba, ta zaro wata takarda a ninke daga jaka ta shimfiɗa a kan teburin Tela. Ya sa tabarau ya duba gaba ya duba baya, yana neman hatimi da sa hannu.

"Wannan ce takardar yabon? Ina rubutun?"

"Fitsarin sauro ne."

Ya janye hannunsa da sauri, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya ga idonta. Ya sassauta murya ya ce, "Sun rayu ke nan?"

"Sun rayu."

"Ko ba ke?"

Ta gyaɗa kai. "Ko ba ni, Malam. Na tsaya ina kallo, ban taɓa komai ba." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Tela ya ture ɗinkin da ke gabansa gefe, ya zo ya zauna kusa da ita, ya dafa kafaɗarta har ta gama kuka.